Kujerar Yaya a Jirgin Abuja

Ana sallame sallar asuba na fito daga gida a Bungudu, ranar wata Talata a ƙarshen daminar nan. Malam, maigidana, ya rako ni bakin titi, ya tsaya har aka ɗaure kayana a bayan motar Gusau, ya yi mini addu'a ya koma. Matan ƙungiyarmu sun ce in ba su labarin sabon jirgin ƙasa idan na dawo, tunda a cikinmu ni na fara shigarsa. To ga shi, zan bi shi daki-daki yadda ya faru. Amma sai na fara da dalilin tafiyar, don in ba a san shi ba sauran labarin ba zai zauna ba.

Haihuwa aka yi a Abuja, a gidan ɗana na fari. Ba zan rubuta sunansa ba, kun san dalili. Ban taɓa kiransa da baki ba, ba kuma zan fara da hannu ba. Tun ranar da aka yaye shi yayata ta ɗauke shi ta tafi da shi Tsafe. Ita Allah bai ba ta haihuwa ba, ni kuma a lokacin ina jin nauyin a gan ni da shi, saboda haka kowa ya ga hakan ya yi daidai. A hannunta ya girma, a hannunta ya yi karatu har ya samu aiki. Ita yake kira Inna. Ni kuwa Innar Bungudu ce, sai ka ce sunan wata mai tuwo a tasha.

Matarsa ba ta da uwa, ta rasu tun tana ƙarama. Don haka an san cewa bayan suna ɗaya daga cikinmu, ni ko Yaya, za ta zauna ta yi mata wankan jego har arba'in, ɗayar ta dawo gida, domin ɗakin baƙi ɗaya ne a gidan. Ni nake so in zauna. Ban faɗa wa kowa ba, har Malam. 'Ya'yan mutane da na yi wa wanka a unguwarmu ba su ƙirguwa, na ga ya kamata sau ɗaya in yi a inda jinina yake. Tunda baki ba ya iya faɗa, sai na haɗa kaya yadda duk mai ido zai gane: yajin jego da na daka da hannuna, surfaffen gero, kanwa, daddawa, busasshiyar kuɓewa, man shanu daga wajen Bafulatanar da ke kawo mana nono, da tsummoki masu taushi na gashin cibiya. Suka cika buhu guda.

Saura maganar tikiti. Ƙaninmu, wanda ke da shago a kasuwar Gusau, shi aka sa ya raka mu. Ana gab da tafiya ya kira ni ya ce yaron ya hana mu bin mota daga Kaduna zuwa Abuja, jirgi za mu shiga, kuma yana yanka tikiti ta waya. Ya ce tarago iri biyu ne, na manya da ake kira bizines, da na kowa da kowa da ake kira sitanda. A na manyan kujera ɗaya ta rage, yaron yana tambaya wa za a ba. Na ba da amsar da duk macen da aka yi wa tarbiyya za ta bayar. Na ce a ba uwarsa, wato Yaya, ni ko a kan buhu aka zaunar da ni zan isa.

Irin maganar nan ana yin ta ne don a ƙi karɓa. A zamaninmu sai a sake tambaya, a ƙara nacewa, in abin ya gagara a haɗa mu duka a ƙaramin taragon kowa ya huta. Yaron bai sake tambaya ba. Yadda na faɗa haka ya ɗauka.

Mun iso Gusau gari ya waye, masu shayi sun kafa tebur, 'yan kamasho suna ta kiran Funtuwa, Zariya, Kaduna. Ƙanin namu yana jirana a tasha. Kuɗin mota ya tashi ƙwarai a kan abin da na sani bara, buhun nan ma sai da aka yi cinikinsa daban kamar mutum. Direba bai tashi ba sai da rana ta ɗago, ya ce hanyar nan ba a yi mata sammako. A hanyar fita muka tsallake tsohon layin dogo, ciyawa ta rufe shi, awaki suna kiwo a kai. Mahaifinmu ya sha ba mu labarin yadda jirgi ke tasowa daga Ƙauran Namoda da gyaɗa da auduga ya bi ta nan ya nufi Zariya. Yau ga ƙarfen a tsakiyar Gusau, amma sai mun yi tafiyar rabin yini kafin mu ga jirgin da ke motsi.

Na lura kujerar gaba babu kowa, ga shi mu a baya an matse mu har gwiwa na taɓa gwiwa. Na tambayi ƙanina dalili. Ya ce yaron ne ya ce a kama wa Yaya gaba saboda ciwon gwiwarta. Na ce madalla. Na juya ina kallon gonaki. Dawa ta fitar da kai, gero an fara yanka, dutsen Kwatarkwashi ya yi kore har wuya. Daminar ta yi kyau, wannan dole a faɗa.

A Tsafe muka sami Yaya a bakin titi, zaune a kan bencin wani mai gyaran taya, ta sha sabon leshi ruwan hoda. Ban tambaya ba ta ce yaron ne ya aiko mata. Kayanta akwati ne ɗan ƙarami mai taya, shi ma shi ya aiko. Yaya mace ce mai jiki da fara'a, duk inda ta zauna sai an yi dariya. Da aka buɗe bayan mota za a sa akwatin ta ga buhuna, ta dube shi ta dube ni.

"Ke kuwa mi kinka ɗauko haka? Can za ki tare?"

Na ce kayan jego ne. Ta ce Allah shi ba da lada, ta shige gaba, ba ta ƙara tada maganar ba.

Daga Tsafe zuwa Funtuwa kun san yadda hanyar take, ba sai na tsawaita ba. Direba ya kashe rediyo, kowa ya ja bakinsa, sai motsin leɓe da carbi. Ramuka sun ci titi, shingayen jami'an tsaro kuma kusa da kusa. Sai da muka shigo Funtuwa mutane suka tuna suna da murya. Nan muka tsaya muka ci waina da miyar taushe a wajen wata mata mai tsafta, na ƙara da dafaffiyar gyaɗa, Yaya ta sayi gasasshiyar masara tana ɓantara da gefen baki saboda haƙori. Masarar ta yi tsada a garin da ake noma ta, na faɗa wa mai ita, ta ce in je in faɗa wa mai taki.

Tsakanin Funtuwa da Zariya wayar Yaya ba ta huta ba. Kun kai ina, kin ci abinci, gwiwar fa? Tana amsawa da ƙarfi duk motar na ji, har wani dattijo a bayana ya ce Hajiya kin haifi ɗa. Ta ce alhamdu lillahi. Tawa wayar tana hannuna, na cika ta da caji tun jiya. Sau ɗaya ta yi ƙara, Malam ne yana tambayar inda na ajiye makullin ɗakin hatsi.

Mun shiga Kaduna bayan azahar, muka ɗauki keke zuwa tashar jirgi ta Rigasa. Tana da nisa, sai an ratsa unguwanni da kasuwa an kusa fita gari. Gini ne babba mai tsafta. Ga yadda ake yi, don mai niyyar zuwa. Da farko a bakin ƙofa za a sa kayanki a cikin na'ura ta duba. Bayan nan a nemi tikiti, wanda yake cikin waya, a haɗa shi da katin shaidarki, domin kowane tikiti da sunan mai shi. Sai ki shiga zauren jira. Akwai wurin alwala da na sallah, mun yi tamu a natse. Tsarin ya burge ni, ni mai son a yi abu a kan layi ce. Da tasharmu ta Gusau za ta ari ko rabinsa da an huta da hayaniya.

Da lokaci ya yi aka yi sanarwa, muka fita bakin jirgi. Dogo ne, fes da shi, kowane tarago da ma'aikaci a ƙofa. Aka duba na Yaya aka nuna mata can gaba. Wani ma'aikaci ya karɓi akwatinta ya ja mata, ya kama hannunta ta hau. Aka duba nawa da na ƙanina aka nuna mana baya. Buhun nan ni da shi muka kinkima, yana gaba ina baya, muna wuce tarago bayan tarago. Kafin ta shige Yaya ta waiwayo ta ce in an ba su abinci za ta rage mini. Wasa take yi, na sani. Ban yi dariya ba.

Taragonmu ba shi da laifi, kada in zalunce shi. Akwai sanyin na'ura, akwai haske, kowa da lambar kujerarsa, babu tsayuwa babu goyon wani a cinya. Kujeru uku a gefe ɗaya, biyu a ɗayan, kuma bayansu a miƙe yake, ba ya kwanciya. Buhun bai shiga wurin kaya na sama ba, sai muka jingina shi a gaban ƙafata. Ba a jima ba ƙamshin daddawa ya zagaye wurin. Wani saurayi mai igiyar waya a kunne ya shiga ɗaga hanci yana waige-waige. Na kafe shi da ido har ya mai da kansa kan wayarsa. Wanda ya ci miyar kuka ya girma ba shi zai yi wa daddawa yanga ba.

Jirgin ya tashi ba tare da jijjiga ba, sai na ga ginin tasha yana ja da baya. Gudunsa a natse yake, ruwan da ke cikin kofi ma ba ya zuba. Ta taga ana ganin daji kore, duwatsu, gonakin masara, can kuma garken shanu da makiyayi ya tokare sanda yana kallonmu. 'Yan sanda suna wucewa jefi-jefi. Masu sayar da ruwa da biskit suna turo amalanke, farashinsu ya fi na waje, ban saya ba. Ƙanina kafin mu yi nisa ya buɗe baki ya yi barci.

Ni ban yi ba. Na zauna ina jera wa kaina dalilai. Na farko, Yaya ta girme ni. Na biyu, gwiwarta gaskiya ce, na ga yadda take hawa mota. Na uku, ita ta yi jinyar ƙyandarsa, ita ta sayar da tumakinta lokacin da zai shiga babbar makaranta. Na huɗu, da bakina na ce a ba ta. Duk na yarda da su, babu wanda zan musa. Amma da na gama jerawa sai abin ya dawo inda yake. Wanda ya zaɓa mata gaban mota, ya zaɓa mata gaban jirgi, in aka zo kan wadda za ta zauna da jariri wa zai zaɓa? Wannan tambayar ce ta hana ni jin daɗin kujerar da ba ta da aibi.

Wayar ƙanina ta tashe shi. Yaron ne. Ina jin muryarsa kaɗan-kaɗan yana tambayar kawunsa ko Inna ta sami wurinta lafiya, ko sanyin bai yi mata yawa ba. Sai can a ƙarshe ya ce Innar Bungudu fa? Ƙanina ya ce lafiya lau, ga ta nan kusa da shi. Ni kuma ina kallon taga na ce, ƙasa-ƙasa, a ce masa masu zaman buhu suna gaishe shi. Ban yi zaton ƙanina ya ji ba. Ya ji, ya yi dariya, ya kashe wayar ya koma barci.

Man zafin da Yaya ke shafawa a gwiwa yana cikin jakata, tun Funtuwa ta ba ni ajiya. Na ciro shi na miƙe. Ba don gwiwarta na tashi ba, so nake in ga wurin da idona. Na ratsa taragai ina dafa kujeru, a ƙofar na manyan wata ma'aikaciya ta tare ni da ladabi. Na nuna mata maganin na ce na yayata ne, ta bar ni na shiga.

Bambancin a fili yake. Kujeru bibbiyu ne, masu faɗi da taushi, ana danna wani abu su kwanta. Tsakanin kujera da kujera mutum zai miƙe ƙafa. Babu kukan yara, babu mai waya da ƙarfi, sanyin kuma ya fi namu. Can na hango Yaya ta kwantar da kujerarta, ta tuɓe takalmi, ta lulluɓe da mayafi, ga kofin shayi a gabanta. Tana nuna wa wata Hajiya mai gilashi hoton jaririn a waya. Ni ban ga hoton ba sai a lokacin, ta saman kafaɗar baƙuwa. Hajiyar ta ɗago ta tambaya ko wace ce ni.

"Ƙanwata ce," in ji Yaya, "ta rako ni ganin jikana."

Babu ƙarya a ciki, kuma ko ni aka tambaya a gaban mutane haka zan ce. Amma jin sa daga bakinta daban ne. Na miƙa mata maganin. Ta ce in zauna a kujerar in ɗanɗana, ita ta ɗan taka ta miƙe ƙafa. Na ce tawa ta ishe ni. Na juya na koma wajen buhuna, ban ƙara kallon taga ba har aka ce mun iso tashar Kubwa a Abuja, inda muka sauka ana shirin magariba.

Yaron yana tsaye yana jiranmu. Ya ƙara jiki, ya tara gemu irin na Malam. Wajen Yaya ya fara nufa, ya durƙusa har ƙasa, ta dafa kansa tana cewa ya rame alhali bai rame ba. Sannan ya juyo ya durƙusa mini ya ce sannu da hanya, Innar Bungudu. Na kau da kai na ce yauwa. Iyakar gaisuwarmu ke nan tun yana yaro. Shi ya ɗauki buhun da kansa ya sa a mota, ya ce kai, wannan da nauyi yake. Bai tambayi abin da ke ciki ba.

Gidan a sama yake, sai an hau bene, Yaya tana hawa tana hutawa. Mai jego yarinya ce mai hankali, ta tare mu da murna duk da jikinta bai yi ƙwari ba. Aka miƙa wa Yaya jaririn, ta yi masa addu'a, ta daɗe da shi, sannan ta ba ni. Namiji ne, mai cikar gashi. Da jika babu kunya, don haka na ce wannan angon ya zo ko hula babu, da me zai riƙe ni? Aka yi dariya. Ƙanina ya leƙo ya ce goshin nan da kunnen nan ai na Innar Bungudu ne sak, mai jego ma ta ce tun a asibiti mijinta ya faɗi haka. Na yi kamar ban ji ba. Yaya kuwa ta tashi ta ce za ta yi sallah.

Washegari ban jira an sa ni ba na kama aiki. Babu murhu babu itace, a kan gas na tafasa ruwa a babbar tukunya, mai gadin gidan ya samo mini ganyen dogon yaro. Likita ya ce kada ruwan ya yi zafi irin na zamanin da, kanwa kuma a rage ta sosai. Ban ji daɗi ba amma na bi, jikin 'yar mutane ne. Safe da yamma wanka, sai kunu, sai farfesu da yaji, sai gashin cibiya, kowanne a kan lokacinsa. Yarinyar ta ce tun da ta haihu ba ta yi barci mai daɗi ba sai yanzu. Yaya tana falo da jaririn a cinya tana karɓar 'yan barka. Na ce a raina an raba aiki, kuma kowa ya ga wadda gidan ke bukata.

An yi suna lafiya. Jaririn ya ci sunan mijin Yaya, Allah ya jiƙansa, wanda ya riƙe uban. Ya cancanta, mutumin kirki ne. Na dai tuna da Malam a Bungudu, wanda ya ba ni turare in kawo wa jikansa.

Da taro ya watse na yanke shawara zan yi magana. Na ma tsara yadda za a yi: in faɗa wa Yaya da safe, ita ta faɗa wa yaron. Ina cikin dama kunu sai ga shi a ƙofar kicin, ya durƙusa, fuskarsa cike da farin ciki.

"Innar Bungudu, a yi mini afuwa. Kawu ya faɗa mini ba ki ji daɗin wurin zamanki a jirgi ba. Ban kyauta ba. Na gyara, gobe ke da Kawu bizines za ku shiga, na ma zaɓa miki kujerar taga."

Ludayin yana hannuna. Ga maganar a bakina, gajeriya ce, ni zan zauna. Na dubi bango na ce Allah ya yi albarka. Ya ce amin, ya tashi da sauƙin zuciya irin na wanda ya biya hakki.

Da yamma na kira Yaya banɗaki in nuna mata tsarin wankan, da inda na ajiye kowane abu, da yawan yajin da ake sa wa. Ta zauna a kan kujerar roba tana saurare. Da na gama ta ce in tura ƙofar.

"Na san ke ka son zama," ta ce. "Tun Tsahe na sani, da na ga buhun nan."

Na ce to me ya hana ta faɗa masa?

"Da kin hwaɗi da bakinki, wallahi da na tahi gida."

"Kin san ba ni iyawa."

"Ni kuma ba ni iya bari da kaina. Ke kina da ɗiya cike da gida, kina komawa za su tarbe ki. Ni in na koma Tsahe wa ka tarbe ni? Shi ɗaya gare ni, shi ɗin ma aro. Ga wanga jariri ya zo, goshinki ya ɗauko, ko yatsa bai ɗauko nawa ba."

Ba ta yi kuka ba, ni ma ban yi ba. Na ce ta riƙa taɓa ruwan da gwiwar hannu kafin ta zuba wa yarinyar, kuma kada ta ɗaga tukunyar ita kaɗai. Ta ce to.

Da safe yaron ya kai mu tasha. Wannan karon ni aka nuna wa gaba, ni aka karɓar wa jaka, ba ta da nauyi tunda buhun ya zauna. Kujerar kamar yadda na gan ta haka take, har ta fi. Na danna ta kwanta, na miƙe ƙafa babu abin da na taɓa. Ƙanina ya saya mini shayi yana ta murna, a ganinsa shi ya gyara tsakanina da yaron. Da kyakkyawar niyya ya yi. Duk wadda ke da hali, musamman mai ciwon baya ko gwiwa, ta shiga bizines, ya fi. Wadda ba ta da hali ta shiga sitanda ba tare da jin ƙasƙanci ba, lokaci ɗaya ake isa. Ni dai a cikin kujerar nan mai taushi abin da nake lissafawa shi ne yanzu an sauke ruwan wanka, yanzu Yaya ta ɗauki jaririn tana shafa masa mai. Kishin da na yi a tafiya ƙarami ne a kan wanda na yi a dawowa.

Daga Rigasa muka kama mota, Zariya, Funtuwa, sai shirun hanyar Tsafe. Da muka wuce bencin mai gyaran taya na tuna gidan Yaya yana can a kulle. Na sauka a Bungudu kafin magariba. Yara suka rugo suka karɓe jakar, 'yan matan sun yi tuwo, Malam yana ƙofar gida ya ce har kin dawo? Daga yadda ya faɗa na gane shi ma ya san abin da buhun nan ke nufi.

Abin da tafiyar nan ta koya mini, na farko, jirgin ƙasa abu ne mai kyau, kuma muna da hakkin mu gan shi yana tashi daga Gusau, ba sai mun kai kanmu Kaduna ba. Na biyu ya fi shafarmu mu mata. Kunyar da aka rene mu da ita magana ce da sai wanda ya san ta yake ji. Yaran yanzu ba su san ta ba, in kin ce ba kya so, sun ɗauka ba kya so. Ba rashin tarbiyya ba ne, yaron nan ya durƙusa mini har ƙasa. Wadda ta san maganar a gidan ita ce Yaya, ita kuma tana da nata dalilin yin shiru. Ban daina jin haushinta ba, ban kuma iya ganin laifinta ba. Kullum da safe tana kirana ta tambayi abin da ta riga ta sani, ni kuma ina amsawa a hankali don in ji kukan jaririn a bayanta.

Jiya na kira ƙanina. Na ce ya faɗa wa yaron, ba da wasa ba kuma ba da habaici ba, cewa ranar arba'in zan zo, zan kuma yi kwanaki, ko a falo ne zan shimfiɗa tabarma. Ya tambaya ko ya ce shawarar Malam ce, don ya rage mini nauyi. Na ce a'a, ya ce masa uwarsa ta Bungudu ce ta faɗa.